Tambayi Likita: Wuyan Umma ya karkace, hoto kuma ya ce lafiyarta ƙalau

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Saƙonnin wannan karon da na zauna ina tacewa sai na ga da yawansu abu ɗaya suke tambaya, ciwon murɗewar tsoka da ake kira distoniya, ba tare da masu su sun sani ba, wannan wuya, wancan hannu, waccan ƙafar 'yar yayarta, to shi ne na tara su waje guda. Sunaye na cire kamar kullum, kuma ku tuna ni saƙo na karanta ban duba kowa ba, abin da zan faɗa haske ne kawai na inda za a dosa.

TAMBAYA: Salam Likita ya aiki ya iyali. Dan Allah taimako nake nema akan Ummanmu, shekarunta 52, wuyanta ne ya fara juyawa ɓangaren dama a hankali a hankali tun muna cewa kwanciya ce tai ba daidai ba har ya zama ko magana take da kai fuskarta wani wajen take kallo, wani lokacin kan har rawa yake kamar tana cewa a'a, ga ciwo a kafaɗa. An kaita wajen mai ɗori ya ja wuyan, an yi ƙaho a ƙeya, an yi ruƙiyya, mun je asibiti an yi hoton wuya an yi na kai har MRI duk an ce ba a ga komai ba. Abin da ya fi ɗaure mana kai in ta ɗora yatsa a haɓarta sai kan ya dawo daidai, in tai barci kuma kamar ba ita ba, shi ne wasu a gidan suka fara cewa da gangan take yi, abokiyar zamanta ma cewa tai neman suna ne. Likita wai wannan wane irin ciwo ne?
Daga ƙanwarka a Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, aiki da godiya. Allah ya ba Umma lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri da kika tsaya mata. Yadda kika zayyano abin nan, shekarunta, shigowarsa a sannu, rawar kai, taɓa haɓa, lafawa in ta yi barci, duk likitan jijiyoyin da ya ji wannan hankalinsa zai tafi kan ciwon da ake kira distoniya, irin mai kama wuya. Shi ne ma ya fi yawa a manya, ya fi kama mata, kuma galibi daga shekara 40 zuwa sama yake fitowa.

Bari in fara da zancen da gangan take yi, don shi ya fi ci min rai. Abubuwa biyun nan da mutanen gidanku suka riƙe a matsayin shaidar ƙarya, yatsa a haɓa da barci, su ne mu kuma muke nema mu ce eh lallai ciwon ne. Tsokar wuyan Umma lafiyarta lau, ƙashin ma haka, shi ya sa mai ɗori bai samu abin ɗorawa ba. Matsalar daga sama take, daga umarnin da ƙwaƙwalwa ke turo wa tsokokin. Kinga duk motsin da mutum zai yi ko da ɗaga kofin shayi ne akwai tsokar da za ta ja akwai wadda dole ta saki, kina lanƙwasa hannu ta gaban dantse ta ɗaure ta bayan ta saki jiki, ke ba ki ma san ana wannan rabon aikin ba. Can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu curi-curi da ake kira basal gangiliya, a cikinsu akwai futamen akwai gulobus falidus, suna aiki tare da wani wuri mai suna talamus, aikinsu irin na mai ba da hannu ne a mahaɗar titi, ya saki layi ɗaya ya tsare sauran. To a distoniya sai a saki layukan da ke fuskantar juna lokaci guda, tsokar da za ta ja da wadda ya kamata ta saki duk su ɗaure tare, har maƙwabtansu da ba a kira ba su shigo, wadda ta fi ƙarfi ta rinjaya, kai ya karkace, ciwon kafaɗar nan kuma gajiyar wannan kokawar ce ta wuni guda.

Kuma kar ki ga baƙin mutanen gidanku da yawa, likitocin Turai ma sun daɗe cikin wannan ramin. Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Faransa suka lura da dabarar nan ta taɓa haɓa, kin san me suka ce? Wai ai shaida ce ta cewa ciwon na tunani ne. Wani likita Bajamushe a Balin, Hermann Oppenheim, shi ya raɗa wa ciwon suna a 1911 bayan ya ga wasu yara huɗu da jikinsu ke murɗewa in sun tashi tafiya, ya ce wannan ciwon jiki ne na gaske, amma duk da haka shekara da shekaru bayansa ana ta tura masu irin lalurar Umma wajen likitocin taɓin hankali, har da masu cewa wai macen da wuyanta ya juya akwai abin da ba ta son kallo ne a rayuwarta, haba jama'a. Sai a shekarun 1970 zuwa 1980 wani likita a Landan, David Marsden, ya dage da hujjoji cewa juyewar wuya da rufewar ido da ƙandarewar hannu wajen rubutu duk 'yan gida ɗaya ne kuma daga ƙwaƙwalwa suke. A 1985 shi da abokan aikinsa suka bi mutanen da rabin jikinsu ya murɗe bayan shanyewar ɓarin jiki ko buguwa a ka, suka tarar tabon yawanci yana cikin basal gangiliya ko talamus, a ɗaya ɓarin na ƙwaƙwalwa, wato in jikin dama ne ya murɗe tabon yana hagu.

Yanzu ma zancen ya wuce nan. Akwai serebelum, ƙaramar ƙwaƙwalwar nan da ke ta ƙeya mai daidaita motsi da lokacinsa, da can an ɗauka ita da basal gangiliya kowa harkar gabansa yake sai dai su haɗu a sama, sai masu bincike a jami'ar Pittsburgh ta Amurka ƙarƙashin Peter Strick suka gano a jikin birai cewa akwai hanyoyin da suka haɗa su, ta zuwa da ta dawowa, wannan tsakanin 2005 da 2010 ne. A 2019 kuma aka tattaro 'yan tsirarun mutanen da wuyansu ya juya sanadin tabo a ƙwaƙwalwa, tabon kowa wurinsa daban, amma da aka bi sawu sai aka ga duk wuraren a haɗe suke da serebelum da kuma ɓangaren da ke karɓar jin jiki. Ni a ganina wannan ne ya fi fayyace dalilin da hoton Umma ya fita fes. MRI siffa yake nunawa, ƙari, tabo, zubar jini, kumburi, amma yadda sassan ke aika wa juna saƙo ba ya fita a hoton da ake yi a asibiti, kuma yawancin manya masu distoniyar wuya haka hotonsu yake fita. Kuɗinku bai tafi a banza ba, hoton ya kore manyan abubuwan tsoro, sai dai ba a ga komai ba daban, ba komai daban.

Yatsa a haɓa kuwa, ƙwaƙwalwa tana sanin inda kai yake ne ta saƙon da tsoka da fata da gaɓoɓi ke aiko mata, a masu distoniya wannan lissafin ya ɗan goce, taɓawar nan ƙarin saƙo ne da ke gyara shi na ɗan lokaci. Ki zauna ki lura da ita da kyau za ki ga ba turawa take da ƙarfi ba, taɓawa ce kawai, wasu ma tun hannun bai kai haɓar ba wuyan ya fara saki. Wani jingina ƙeya da bango ke masa aiki, wata naɗa gyale a wuya. Ki kuma lura ya fi tashi in ta gaji ko ranta ya ɓaci ko tana cikin taro ana kallonta, ɓacin rai ba shi ya kawo ciwon ba amma yana zuga shi, don haka gorin da ake mata a gida ƙara mata ciwo yake, a gaya musu haka ƙiri-ƙiri.

Abin yi, a daina jan wuyan nan, ba abin da zai miƙe sai dai a ji mata rauni. Ku nemi likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, ba na taɓin hankali ba, manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano ko na Shika da ya fi kusa da ku suna da su, ku tafi da duk magungunan da take sha ko ta taɓa sha na tsawon lokaci. Maganin da ya fi aiki a wuya allurar Botox ce, eh wadda kike jin 'yan gayu na yi a fuska, asalinta ma wani likitan ido ne a Amurka, Alan Scott, ya fara amfani da ita don masu karkataccen ido, aka amince da ita a can a 1989, a 2000 kuma aka amince da ita don wuya. Ana soka ta cikin ainihin tsokokin da ke ja ta rage musu ƙarfi, aikinta kan fara fita cikin 'yan kwanaki zuwa sati biyu ya kai wajen wata uku sai a sake, wasu kan ɗan sha wahalar haɗiya na ɗan lokaci. Gaskiya tana da tsada kuma ba kowane asibiti ake samu ba. Akwai ƙwayoyi, akwai gashi wajen 'yan fisiyo, suna ragewa. Ba ciwo ne mai kisa ba, ba ya taɓa hankali, a manya kuma yawanci yana tsayawa a wuyan ko ya ɗan leƙa kusa.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni malamin sakandare ne, hannuna na dama ne in na riƙe biro na fara rubutu layi biyu uku sai babban yatsa da manuni su danne biron kamar za su karya shi, wuyan hannun ya lanƙwashe gwiwar hannu ta ɗaga, rubutun ya zama tafiyar kaza. Amma wallahi da hannun nan nake cin tuwo nake tuƙa mashin nake ɗaukar jarka ba komai, a allo ma da alli ya fi sauƙi. Wani ya ce min an yi min jifa ne a hannun saboda muƙami.
Daga Malam a Azare

AMSA: Malam barka kadai. Jifan da ya san biro bai san jarka ba ai sai a jinjina masa. Wannan ita ce distoniyar da ke bin aiki ɗaya tak, likitocin Ingila sun gan ta tun ƙarni na 19 a wajen magatakardan da ke wuni suna kwafar takardu da hannu, kuma Marsden ɗin nan da na ambata shi da abokin aikinsa Sheehy ne a 1982 suka nuna cewa ba ciwon tunani ba ce. Ƙwaƙwalwa tana ajiye kowane aikin da ka ƙware a kai a matsayin tsari guda, tsarin rubutu daban na cin abinci daban, naka na rubutu da biro ne ya samu tangarɗa, a allo kuwa da kafaɗa da dantse kake yi shi ya sa ka samu sauƙi.

Akwai wani bincike da nake so sosai a nan. A saman ƙwaƙwalwa kowane yatsa yana da ɗan filinsa da ke karɓar jinsa, da iyaka tsakanin wannan da wancan. A 1996 Nancy Byl da Michael Merzenich a San Faransisko suka sa birai suna maimaita damƙa iri ɗaya da sauri kullum kullum har hannun ya fara ƙin aiki, da aka duba sai aka ga filayen yatsun sun faɗaɗa sun shiga juna, iyakar ta goge, daga baya an ga makamancin haka a makaɗan da ciwon ya kama. Wato ƙwaƙwalwar ce ta koyi abu ta wuce gona da iri, ana son yatsa ɗaya ya motsa sai uku su amsa. Ba kowa ne mai yawan rubutu ke samu ba, sai wanda dama jikinsa ke da saurin kamuwa, a ƙwararrun makaɗa ana ƙiyasta kamar 1 cikin 100. Leon Fleisher shahararren mai kaɗa fiyano ne a Amurka, a 1964 yatsunsa biyu na ƙarshe a hannun dama suka fara naɗewa cikin tafi, ya yi wajen shekara 30 yana wasa da hannun hagu kaɗai kafin Botox da gashi su taimaka masa ya dawo da biyun.

Kar ka ce za ka matsa wa hannun da ƙarin rubutu don ya saba, ƙara ɓaci yake. Ka gwada biro mai kauri ko ka naɗa masa roba, ka canja riƙo, abin da za ka iya bugawa a waya ko kwamfuta ka buga. Koyon rubutu da hagu yana yi wa wasu, wasu kuma daga baya hagun ma ya ɗauka. Wani abin da likita zai gwada ka da shi, zai ce ka yi rubutu da hagu yana kallon daman da ke ajiye a kan tebur, sau da yawa sai a ga yatsun daman sun fara lanƙwashewa su kaɗai alhali ba su riƙe komai ba.

TAMBAYA: Likita 'yata ce 'yar shekara 14 take ta amai muka je kemis aka mata allura aka ba mu ƙwaya, washegari da hantsi kawai sai idonta ya kafe sama, harshe ya fito waje, wuya ya sandare baya, tana jinmu tana hawaye amma magana ta ƙi fita, gida ya rikice wasu na cewa aljanu wasu na cewa sanƙarau. A asibiti suka mata wata allura ko minti ashirin ba a yi ba ta dawo daidai har tana neman abinci. Farfaɗiya ce ta fara? Hankalina ya ƙi kwanciya.
Daga wata uwa a Kaduna

AMSA: Hajiya kwantar da hankalinki, ga dukkan alamu ba farfaɗiya ba ce, mai babbar farfaɗiya ba ya jin mutane yana hawaye, sanƙarau kuma da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai yake zuwa kuma ba ya tafiya da allura ɗaya. Je ki ɗauko kwalin ƙwayar nan ki duba, in kin ga an rubuta metoclopramide ko Maxolon ko Plasil ko Stemetil to kin kama ɓarawon. Magungunan aman nan suna aiki ne ta toshe wani sinadari mai suna dofamin, shi kuma dofamin a cikin basal gangiliya ma'auni ɗaya suke da wani mai suna asetilkolin, in an danne wannan sai wancan ya yi rinjaye tsokoki su ɗaure, allurar da aka mata a asibiti ta danne na biyun ne ma'aunin ya dawo. Yara da matasa ya fi samu, kuma yawanci cikin kwanakin farko na fara maganin, shi ya sa hukumar magunguna ta Turai a 2013 ta taƙaita amfani da metoclopramide, ta ce kar a wuce kwana 5 kuma kar a ba jaririn da bai kai shekara ba, mu nan kuwa yaro na yin amai sau biyu an zuƙo allura.

Ki rubuta sunan maganin ki ajiye, duk inda za a duba ta nan gaba ki faɗa. Zai iya ɗan dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu kafin maganin ya gama fita daga jikinta, in ya dawo ku koma, in kuma numfashi ya fara shaƙewa a garzaya asibiti ba jiran komai don tsokar maƙogwaro ma tana iya ɗaurewa. Magungunan taɓin hankali irin Largactil da Haldol ma suna yin haka, kuma in an daɗe a kansu akwai nau'in da ke shigowa a sannu ya ƙi tafiya, amma wanda ke kansu kar ya ajiye da kansa, ya koma wajen likitan da ya rubuta.

Bari in ɗan ratse. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da muke ba masu distoniya ita ce Artane, ita ce dai Exol ɗin nan da 'yan shaye-shaye suka lalata wa suna har hukumar NDLEA ke kamawa. Magani ne na gaske, yara masu distoniya ma sun fi manya jure shi, amma a hankali ake hawa da shi a hannun likita don yana busar da baki, yana dushe gani, yana hana fitsari, dattijai kuma yana rikita musu tunani. In an rubuta wa ɗanki ko mahaifinki kar a ji kunya, kar kuma a bar shi inda samarin gida za su gani.

TAMBAYA: Likita ɗana ya shekara biyu bai zama ba, in ya yi murna ko ya so kama abu sai jikinsa ya banƙare baya hannu ya murɗe, in ya yi barci kuma laushi tiɓis, amma yana gane kowa yana dariya. Ya yi shawara kwana uku da haihuwa kafin suna, kakarsa ta ba shi jiƙo ana shanya shi a hantsi, sai da ya daina kama nono muka kai shi asibiti. Yanzu maman na da ciki kuma tsoro nake.
Daga wani uba a Gombe

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya ba shi lafiya ya sauki maman lafiya. Wannan ita ce distoniyar da ta fi min ciwo don ana iya tare ta tun kafin ta zo. Ruwan ɗorawar da kuke gani a idon jariri wani sinadari ne mai suna bilirubin da ke fita in jajayen ƙwayoyin jini sun fashe, hantar jariri ba ta gama ƙwari ba, in ya yi yawa ƙwarai sai ya tsallaka ƙwaƙwalwa, kuma wurin da ya fi zauna wa shi ne gulobus falidus ɗin nan da hanyoyin ji. Shi ya sa irin yaran nan jiki ke murɗewa, da yawansu ji ya ragu, amma sau da yawa basirarsu na nan, don haka a kai shi a gwada jinsa, a dage da fisiyo, a riƙa masa magana ana wasa da shi, kar a ajiye shi a ɗaki a ce ba ya gane komai.

Na cikin nan kuwa tun yanzu za ku shirya. A awo a duba rukunin jinin maman a gaya musu na farko ya yi shawara mai tsanani. Akwai wani ƙarancin sinadari na gado a jini mai suna G6PD, yana da yawa a ƙasar nan kuma ya fi bayyana a maza, jaririn da ke da shi in ya shaƙi kafur ɗin nan da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai jininsa na iya fashewa, don haka a fitar da kafur gaba ɗaya a wanke kayan. A haihu a asibiti, kullum a fito da shi haske a duba ido da dasashi, a danna goshi ko hanci da yatsa a ga launin da ya fito. Shawara a rana ta farko, ko wadda ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ko jariri ya ƙi nono, ko kuka mai tsini, ko banƙarewa, wannan a daren za a tafi ba sai da safe ba, kuma ba a jiran suna. Maganinta shuɗiyar fitila ce ta musamman, in ta yi nisa a yi canjin jini. Shanyawa a hantsi da ruwan gulukos da jiƙo ba sa saukar da mai tsanani, lokaci kawai suke ci. Wani zai ce ai an ce a Legas an yi da rana, eh an yi gwaji an buga sakamakonsa a 2015, amma ƙarƙashin rumfa ce mai wata leda ta musamman da ke tace zafin da mugun hasken, ma'aikata na tsaye suna auna jini da zafin jiki, ba tabarma a tsakar gida ba.

TAMBAYA: Likita 'yar yayata ce shekara 7, da safe garau take tafiya makaranta amma kafin la'asar ƙafar ta juya ciki tana tafiya a kan yatsu tana faɗuwa, in ta kwana ta tashi shikenan. An ce shan inna an ce lalaci don kar a aike ta. Kuma gado ne? Don ina da biki a gaba dangin mijin sun fara tambaya.
Daga 'yarka a Damagaram

AMSA: 'Yata shan inna ba ya tafiya da safe ya dawo da yamma. Dan Allah ku kai yarinyar nan wajen likitan yara ko na jijiyoyi ku faɗa masa wannan magana ta safe da yamma yadda kika faɗa min, ku ɗauki bidiyonta a waya ɗaya da safe ɗaya da yamma ku nuna masa. Akwai nau'in da wani likitan yara a Japan, Masaya Segawa, ya bayyana a shekarun 1970, ya fi kama 'yan mata, daga ƙafa yake farawa, ƙwaƙwalwar ba ta haɗa dofamin isasshe, wanda aka tara da dare sai ya ƙare kafin yamma. A 1994 aka gano ƙwayar gadon da ta fi jawo shi. Maganinsa lebodofa ne ɗan kaɗan, irin wanda ake ba masu ciwon Fakinsin mai sa rawar jiki, kuma in shi ne yaron da aka yanke wa ƙauna har an saya masa keken guragu sai ya miƙe, ya ci gaba da amfana har girma. Saboda haka ne ma likitoci ke gwada wannan maganin a kan kusan duk yaron da distoniya ta kama ba a san dalili ba. Za kuma su duba hantarta da idonta saboda ciwon Wilson, wanda jan ƙarfe ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa, shi ma yana da magani in an kama da wuri.

Gado kuwa wani na gado ne wani ba na gado ba. Wanda aka fi sani shi ne DYT1, an gano ƙwayarsa a 1997, ya fi yawa a Yahudawan da asalinsu gabashin Turai ne, yana farawa a ƙafa ko hannu tun yarinta ya bazu, amma ko cikin masu ɗauke da ƙwayar kamar 3 cikin 10 ne kawai ciwon ke fito wa. Masu wannan nau'in ne suka fi amfana da aikin da ake dasa siririyar waya cikin gulobus falidus a haɗa ta da batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, Amurka ta ba da izininsa don distoniya a 2003, kuma sauƙin ba ranar da aka kunna yake zuwa ba sai a hankali cikin makonni ko watanni. A tsibirin Panay na Filifin akwai nasu daban da ke bi ta wajen uwa ya kama maza. Na shawara da na magani da na bayan shanyewar jiki ba a gadonsu. Don haka ba wanda zai ba dangin mijinki amsa kafin a san wane iri ne ke damun yarinyar, kuma in na Segawa ne to ciwo ne da ƙwaya ke riƙe shi, ban ga abin fasa aure a nan ba. Allah ya sa a yi biki lafiya.

TAMBAYA: Likita a taƙaice, ni malamar Islamiyya ce, muryata ke shaƙewa tana yankewa in ina magana kamar an maƙure ni musamman a waya, amma in dariya ce ko raɗa ko karatu da rerawa ya fi fita. Na sha zuma da citta har na gaji.
Daga Malama a Zariya

AMSA: Malama zuma ba ta da laifi amma ba za ta kai wurin ba. Wannan ya yi kama da distoniyar tsokokin murya, ita ma magana ta yau da kullum take bi ta ƙyale dariya da rerawa kamar yadda ta Malamin Azare ta bi biro, irinta ce ke damun Robert F. Kennedy Jr. wanda ya zama sakataren lafiya na Amurka a 2025, in kin taɓa jin muryarsa. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro za ki fara gani ya leƙa da 'yar kyamara ya tabbatar ba wani tsiro ko rauni a wurin, don shaƙewar murya da ta daɗe ba a barinta ba a leƙa ba. In distoniya ce ana yin Botox ɗan mitsitsi a tsokar muryar, satin farko muryar kan yi sanyi da iska-iska, ki kula da shan ruwa kar ya sarƙe ki, daga nan ta daidaita na wasu watanni. Kafin ki je ki naɗi muryarki a waya kina hira, ki naɗi wata kina karatu, ki kai masa duka biyun.